Kaset ɗin Surukata

Shekara bakwai ina auren Inuwa a kan cewa maraya ne. Haka ya faɗa wa mahaifina a Kano lokacin neman aure: uwa da uba sun rasu yana ƙarami, baffansa, wani malami a Zariya, shi ya riƙe shi. Alhaji kuwa, mahaifin nawa, mutum ne da ko akuya zai saya sai ya tambayi wadda ta haife ta. Sau uku yana aikawa Zariya, ana dawo masa da magana ɗaya, yaro ɗan gidan malamai ne, ba ya wasa da salla. Sannan ya ba da ni. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa duk ranar da ya gano an rufe shi a kan asali, ranar zai karɓi 'yarsa, ko 'ya'ya goma ta haifa. Duk wanda ya san Alhaji ya san ba ya faɗin magana don ta yi daɗin ji.

A 1982 muka zo Riyad. Inuwa injiniya ne a wani kamfanin aikin ruwa, aka ba mu gida a hawa na uku a unguwar Ulaisha, nan na haifi Jamilatu. Ba ni da abin da zan ce da shi. Ba ya faɗa, ba ya yawo, sahun farko ba ya wuce shi a masallacin layinmu. Abu ɗaya ne kawai nake yi masa tsiya a kai. Sau ɗaya a shekara, lokacin sanyi, sai ya dawo aiki da wuri, ya yi magariba, ya ɗauki babbar rediyonsa mai kamo tashoshin waje ya shige sito, inda muke ajiye buhun shinkafa da akwatuna, ya saƙala ƙofa. Sai ya yi awa ɗaya da rabi. In ya fito idonsa ja, ya ce labaran ƙarshen shekara ya saurara, ƙurar siton ce ta shige masa ido. Ni kuwa in ce, to Allah ya ba ka lada, kai da shinkafa kun ji abin da duniya ke ciki.

Ban taɓa lura cewa rana ɗaya ce ba. A Riyad da watan Musulunci ake lissafin komai, albashi, takardar izinin zama da ake kira iƙama, ranar asibiti. Wata shekarar abin ya faɗo a Rabi'ul Awwal, wata shekarar a Rabi'u Sani. Ina zan haɗa?

Ranar wata Laraba a 1986, bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Harouna ne, wani tela mutumin Maraɗi da ke da shago a kasuwar Batha. Shagonsa shi ne gidan wayarmu, duk wanda ya zo daga gida da saƙo nan yake ajiyewa. Ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, ya ja baya zuwa matakala.

"Hajiya, saƙon Injiniya na. Wani direba ya taho da shi daga Zariya, ya biyo ta Makka, shi ya sa ya jima bisa hanya."

Na yi masa godiya, na shigo da shi. Daddawa ce ƙunshi biyu, da wata 'yar hula ta ulu saƙar hannu, ja da fari, sai kaset. An rubuta sunan Inuwa a jiki da jan biro.

Wanda bai zauna waje ba ba zai gane ba. Kaset ɗin gida ba wasiƙa ba ce da za a ce ta mutum ɗaya ce. Duk wanda ya fara karɓa shi ke sakawa, don a ciki ana gaida kowa, har maƙwabta da ba a taɓa gani ba. Sau da yawa ma sai na kira matan bene mu ji tare. Ranar Allah ya rufa asiri, maƙwabciyata ta kai yaro asibiti. Na saka kaset a rikoda, na zauna ina tsince shinkafa, ina jiran muryar baffansa.

Sai na ji tari, na ji ana cewa, "Yi magana, ya fara ɗauka." Sai muryar tsohuwa, a hankali, kamar mai tsoron tada barci.

"Inuwa. Inuwa ɗana. Ni ce, Mama."

Na tsaya da hannu a cikin tire.

"Hannatu ce ta aro wannan abin, ta ce in yi magana a ciki, tunda hannun ya daina riƙe alƙalami. Na ga hoton yarinyar da ka aiko. Goshina ta ɗauko, kada ka gaya wa uwarta. Ga hula nan na saƙa mata, ka ce a kasuwa ka saya. Matar taka kuma, ka gaishe ta, ko ba ka ce daga wa ba. Ka daina cin kanka a kan maganar nan. Ni na ce ka ce na mutu. Da sun san uwarka coci take zuwa, da ba su ba ka ita ba."

Tiren ya zame daga cinyata. Shinkafa ta watse har ƙarƙashin kujera, ban ko kalle ta ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

"Jajiberin Kirsimeti ya kusa. Ka riƙe wayar nan da kyau, yadda kake riƙe mini kana tsaye kan turmi. Ƙarfe huɗu ne namu, ban san naku ba. In yaron nan ya fara shi kaɗai, ka sani ina ji. Ubangiji Yesu ya kiyaye ka."

Aka yi ƙas. Na kai hannu zan kashe, sai wata muryar ta shigo, ita ma mace, amma da ƙarfinta.

"Inuwa, Hannatu ce, ƙanwar mamarka. Yaya Rifkatu ta rasu ranar Lahadi, tara ga Nuwamba, kwana huɗu bayan ta yi maganar nan. Mun binne ta a bayan coci. Lambar akwatin ofishinka da take rubuta maka, ita kaɗai ta haddace ta, ta tafi da ita, shi ya sa na ba direba. Ka yi haƙuri."

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune ba. Abin da ya fara zuwa mini ba tausayi ba ne, kuma ba zan yi ƙarya in ce shi ne ba. Fushi ne, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Shekara bakwai ina sa matar nan a addu'a duk Juma'a. Duk azumi ina yi mata sadaka. Bara waccan har Umra na yi mata, ni da ƙafata, cikin zafin nan, ina ɗawafi ina cewa Allah ka kai ladan kabarin uwar mijina. Ashe tana can bayan Zariya da ranta, tana saƙa hula, tana zuwa coci! Shi kuma yana biye da ni a ɗawafin yana cewa amin.

Na leƙa ɗaki, Jamilatu na barci. Na tsaya ina kallon goshinta, goshin da kullum nake cewa ban san inda ta samo shi ba.

Daga nan na je gaban kalandar da ke bango. Ƙarƙashin manyan lambobin Larabci akwai wasu ƙanana da ban taɓa damuwa da su ba. Ashirin da huɗu ga Disamba. Yau ɗin nan. Kuma Laraba ce, ranar da ƙanena Abdulganiyu ke zuwa cin tuwo bayan isha'i. Shari'a yake karantawa a jami'a a nan Riyad, kuma duk wata sai ya rubuta wa Alhaji wasiƙa mai shafi huɗu, ba ya rage komai, har kuɗin tumatir. In kaset ɗin nan ya shiga hannunsa, kafin wata ya mutu ina Kano, Jamilatu a hannuna, aure ya ƙare. Na cire shi daga rikoda na soke a ƙugu. A raina na gama yanke cewa shi zan ba.

Inuwa ya dawo da ledar lemo, fuskarsa a sake, har da yi wa Jamilatu wasan doki. Ya ce, "Yau lafiya? Shinkafa a ƙasa kamar an yi biki." Na ce tire ne ya faɗi. Ban iya kallon idonsa ba. Ya je magariba ya dawo. Shida saura biyar ya ɗauki rediyo, ya ce bari ya ji labarai, ya shige sito. Na ji ƙugiyar ƙofa ta faɗa.

Na kunna wa Jamilatu talabijin, na zo na tsaya a bakin ƙofar. Da farko shuuu kawai nake ji, da hayaniyar tashoshi suna hawa kan juna. Sai wani Bature ya yi magana kaɗan. Sai shiru. Sai murya ɗaya ta tashi, siririya, ta yaro, ba ganga ba molo, ba kowa a bayansa.

Ƙugiyar nan da ma ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Kafaɗa ɗaya na sa mata.

Abin da na gani har gobe yana idona. Mijina, injiniya mai shekara arba'in, wanda lebura sittin ke miƙewa in ya shigo, yana tsaye kan akwatin aurena ba takalmi. Ya ɗaura wata siririyar waya a eriyar rediyon, ya miƙa hannu sama ya fitar da bakinta ta 'yar tagar da ke kusa da rufi. Hawaye na bin gemunsa. Da ya gan ni hannun ya sauko, muryar yaron ta nutse cikin shuuu. Sai ya yi sauri ya mayar da hannun sama, kamar wanda aka tsawata wa.

"Sailuba," ya ce.

"Labaran ƙarshen shekara ke nan?"

A rediyo wasu muryoyin sun shigo sun tarar da yaron, da yawa, sai wani abin busa mai gurnani ya biyo su har buhun shinkafa na ji kamar yana rawa.

"Waƙar coci a gidana? A Riyad? Ka san in wani ya ji ta tagar nan, ba iƙama kaɗai za mu rasa ba? Baban Jamila, ka yi ridda ne? Gaya mini yanzu in san matsayina."

"Wallahi ban yi ba. Wallahi tallahi. La'ilaha illallahu, Muhammadur Rasulullahi, a kanta zan mutu. Sailuba, uwata tana da rai."



Ya yi maganar da sauri, da raɗa, hannunsa a sama. Uwarsa mai shara ce a asibitin mishan. Babansa Musulmi ne, ya aure ta danginsa ba sa so, ya rasu Inuwa na shekara tara. Baffansa ya zo ya ɗauke shi, ita kuma ba ta hana ba, ta ce addinin ubansa ne, ya je ya yi karatu. Kafin nan, wata Baturiyar nas da za ta koma gida ta bar mata tsohuwar rediyo. Duk jajiberin Kirsimeti ana watso ibadar nan daga wani coci a Ingila, karatu da waƙa, karatu da waƙa, har sau tara. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Amma sai ta share tsakar gida, ta yi wanka, ta sa batir, ta ɗora shi kan turmi ya riƙe waya, don rediyon ba ta kamawa sai an ɗaga.

"Ranar da baffa zai tafi da ni ta ce, duk inda kake, in ranar ta zo ka nemi rediyo. Ni ma zan kunna. Ni kuwa tun daga nan, shekara talatin da ɗaya ban fasa ba. Ba ibada nake yi ba, Sailuba, ban ma san rabin abin da suke faɗa ba. Awa ɗaya da rabi ce kawai a shekara da na san abin da uwata take yi. Yanzu haka tana zaune kan tabarma, ta jingina da bangon kicin. Ki bar ni in gama. In an gama ki yi duk abin da kika ga dama, ba zan ce kin zalunce ni ba."

Kaset ɗin yana ƙuguna, gefensa na sukar fatata. Na zo da magana cike da baki, na tanade ta tun la'asar, har da ta Umra. Duk ta tsere. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba tsoron Alhaji ba ne. Mutumin nan yana tsaye kan akwati yana riƙe wa matacciya waya, kuma duk duniyar Riyad ni kaɗai na sani.

Ana cikin karatu na huɗu ko na biyar aka kira isha'i a masallacin layinmu. Ya sunkuya ya rage muryar rediyon har ta kusa ɓacewa, ya bi ladan kalma da kalma, ya yi addu'ar bayan kiran salla. Sannan ya ƙara murya kaɗan. Ya canza hannu, na dama ya gaji. Ni dai ina tsaye jikin ƙofa kamar an dasa ni.

Ban ankara ba sai ga ƙwanƙwasa. Uku, sannan ɗaya. Bugun Abdulganiyu.

Inuwa ya dube ni. Bai roƙe ni ba, bai kuma sauke hannun ba.

Na ja ƙofar siton, na fita. Tsakanin sito da ƙofar gida taku tara ne, na ƙirga su ranar. Na ƙure muryar talabijin, na buɗe ƙofa kaɗan, na tsaya a tsakiya.

"Assalamu alaikum, Yaya. Kaifa halukum? Ban ga Injiniya a masallaci ba." Ya leƙa ta saman kaina. "Kamar kiɗa nake ji."

"Talabijin ɗin Jamila ne."

"Yaya, na sha gaya miki kayan kiɗan nan..."

"Ka gaya mini, na ji. Yau maigidan ba ya jin daɗi, ya kwanta. Tsaya nan."

Na rufe ƙofar a fuskarsa, na zuba tuwo da miya a kwanon sha da murfi, garin sauri har miya ta zuba a murhu. Na dawo na miƙa masa. Ya ce bari ya shiga ya duba shi, ziyarar mara lafiya sunna ce. Na ce barci ma sunna ne, ya dawo Juma'a. Ya tsaya yana kallona, don tun muna yara ban taɓa mayar da shi daga ƙofa ba.

"Lafiya dai, Yaya? Fuskarki ta canza. Ko akwai abin da zan rubuta wa Alhaji?"

Hannuna yana kan ƙuguna, daidai kan kaset ɗin. Zaro shi kawai zan yi.

"Ka ce muna gaishe shi," na ce. "Ka ce Jamila ta yi wayo."

Na saurari takunsa har ƙasan bene. Sannan na jingina da ƙofa. Yau ga ni, Sailuba 'yar Alhaji, mai cika bakin ba ta ƙarya, na shiga cikin ƙaryar da na zo tonawa, da ƙafata, ba wanda ya tura ni.

Da na koma sito hannunsa na karkarwa sosai, muryoyin na zuwa suna tafiya. Na ce, "Sauko." Ya dube ni bai gane ba. Na ce, "Sauko mana, ka karya mini akwati." Na cire silifa na hau, na karɓi wayar. Sanyin waje ya bugi yatsuna. Na ɗan karkata ta hagu, sai muryoyin suka fito tar, kamar a cikin siton suke. Ya zauna kan buhun shinkafa, ya rufe fuska da tafin hannu.

Ban san me suke cewa ba, ban kuma nemi sani ba. Istigfari nake yi a zuci, hannuna a sama. Kafaɗata ta ɗauki zafi, na ƙi canza hannu. Ina ta tunanin yaro ɗan shekara tara a kan turmi, da matar da na yi wa Umra. Minti ashirin na ba shi, don su kaɗai nake da ikon ba shi.

Aka yi waƙar ƙarshe, mai ƙarfi, abin busar nan ya yi ta gurnani shi kaɗai, sai Baturen ya dawo. Inuwa ya kashe rediyo. Ya share fuska da hannun riga, har da ɗan murmushi.

"Yanzu tana cire batir," ya ce. "Ta naɗe su a tsumma, sai baɗi."

Na sauko daga kan akwati. Na je falo na ɗauko rikoda da 'yar hular, na ajiye a gabansa. Na zaro kaset ɗin, ya yi ɗumi da jikina.

"Harouna ya kawo ɗazu. Na saka, ban san naka ne kai kaɗai ba."

Ya ga jan biron, ya ga hular. Ya juya ta a hannu, ya kai ta hanci. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba tun da na san shi.

"Muryarta? Ta yi magana a ciki? Sailuba, shekara biyar ban ji muryarta ba."

Na so in ce ya tsaya. Na so in faɗa masa da bakina, kada ya ji daga na Hannatu. Kafin in haɗa kalmomin ya danna. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na kama gefen rigarsa na riƙe da hannu biyu.

Aka yi tari. Aka ce, yi magana, ya fara ɗauka.

"Inuwa. Inuwa ɗana."

"Na'am, Mama," ya ce.